Amsoshin Tambayoyinku: Fina-finan Takobi da Soyayya na Ƙasar Sin

Wani matashi daga Gusau ya rubuto cewa ya gaji da fina-finan duka zalla, yana son na ƙasar Sin waɗanda ake tashi sama da takobi kuma akwai soyayya mai taɓa zuciya, amma datar da yake iya saya ba za ta ɗauki fiye da fim biyu ba.

Ƙanena, fara da Crouching Tiger, Hidden Dragon na Ang Lee, wanda ya fito a 2000 ya kuma ci lambobin Oscar huɗu. Chow Yun-fat da Michelle Yeoh sun fito a matsayin jarumai biyu da suka daɗe suna son juna, amma kunya da kara suka ɗaure musu baki, domin ita an taɓa yi mata baiko da amininsa wanda ya rasu. Na biyu ka ɗauki Hero na Zhang Yimou, na 2002, wanda mutane ke nema saboda Jet Li, alhali nauyin labarin yana wuyan Tony Leung da Maggie Cheung. Kada ka ɓata data wajen sauke mafi girman hoto idan a waya za ka kalla, matsakaici ya ishe ka.

Wani daga Kaduna yana ƙorafin cewa ya biya an tura masa House of Flying Daggers, ya zauna kusan awa biyu, ƙarshe yarinyar ta mutu cikin ƙanƙara. Yana tambaya ko ya koma a mayar masa da kuɗinsa.

Malam, mai shago fim ya tura maka, ba shi ya rubuta labarin ba. A irin waɗannan fina-finai jarumi yana ɗaure ne da alkawarin malaminsa, ko na ƙungiyarsa, ko na sarki, kuma ana shigo da soyayya ne domin ta yi karo da wannan alkawari, saboda haka da wuya a tashi ba a yi rashi ba. Wanda yake son a ƙare da ɗaurin aure da kai amarya ya san inda zai nema.

Wasiƙa ta uku daga Kano take, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mai rubutun ya ce ya sayi katin memori mai giga 128 a farashin da bai kai na mai giga 32 ba, ya kai shago aka cika masa da wani fim mai dogon zango na labarin Yang Guo da Xiaolongnü, masoyan da marubuci Jin Yong ya raba har shekara 16. Kashi na farko zuwa na tara sun buɗe, sauran kuwa sunayensu na nan amma babu abin da ke fitowa. Yana so ya san ko laifin mai turawa ne.

Ɗan'uwa, mai turawa ba shi da laifi, katin ne jabu, kuma tun ranar da aka faɗa maka farashin ya kamata jikinka ya ba ka. Yadda ake wannan ha'inci shi ne, ana ɗaukar ƙaramin kati a sauya bayanin da yake ba waya ko kwamfuta game da girmansa, sai ya riƙa cewa shi giga 128 ne alhali cikinsa bai fi takwas ko sha shida ba. Kamar mudun da aka buge wa gindi ne: a ido cikakke, a awo ragagge. Da zarar an wuce ainihin abin da zai iya ɗauka, sai ya ci gaba da karɓa ba tare da ya nuna ya cika ba, yana zubar da sabon ko yana danne tsohon, shi ya sa kake ganin suna da girman fayil amma ba hoto ba murya. Gogewa a sake turawa ba za ta gyara komai ba, kada ka ƙara biyan kuɗin turi a kan wannan katin.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda matasa ke yi wa harkar riƙon sakainar kashi. Mutum zai yi rabin yini yana cinikin takalmi, yana juya shi yana duba ɗinki, amma a miƙo masa kati a bakin titi cikin leda mai ƙyalli ya zura a aljihu ya tafi, don kawai ya ga sunan babban kamfani a jiki, alhali buga suna a leda shi ne mafi sauƙi a duk aikin masu jabu. Kuma asarar ba ta tsayawa a fim, domin a kan wannan katin ne ake ajiye hotunan biki, da karatun malamai, da takardun makaranta, sai ranar da ake buƙatarsu a tarar sun zama iska. Araha ba ta ado. Ka saya a shago mai mazauni wanda za ka iya komawa gobe, ka karɓi rasit, ka yi sharaɗin canji tun kafin ka biya. Kafin ka ɗora masa abin da kake ji da shi, a cika shi taf, sa'annan ka buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ka ja kowanne har kusan ƙarewarsa. Mai kwamfuta kuwa ya nemi manhajar H2testw, kyauta ce, tana rubuta bayanai a katin duka ta karanto su, ta faɗi gaskiyar girmansa. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a gwada kayansa ya riga ya ba ka amsa.

Wata uwa daga Maraɗi ta rubuto cikin damuwa. 'Yarta mai shekara 14 tana roƙon a sauke mata The Bride with White Hair, ita kuma ba ta san abin da ke ciki ba, tana tsoron ta hana a ce ta takura, ta bari kuma ta yi da-na-sani.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan tambaya da kika yi ita ce daidai. Fim ɗin na 1993 ne, na Ronny Yu, Brigitte Lin ta fito a matsayin matar da gashinta ya koma fari fat saboda baƙin cikin masoyinta ya yi shakkarta. Aiki ne mai kyau, amma akwai zubar da jini mai yawa da wuraren da ba za ki so ku kalla tare ba, saboda haka ki ajiye shi sai ta girma. Ko sauran da na ambata a sama ba su rasa ɗan wurin da ake kawar da kai, don haka duk wanda za ki zaɓa ki fara kallonsa ke kaɗai. Kada kuma ki dogara da cewa an yi masa fassarar Hausa, domin sauya murya ba ya nufin an tace hoto. Idan kin gaya mata dalili cikin lumana kika kuma ba ta wani a madadinsa, ba za ta ɗauka takura ba ce.

Wani kuma yana tambaya ko akwai makarantar da ake biya a koyi gudu a kan rassan gora kamar yadda jarumai ke yi a waɗannan fina-finai. Babu. Igiyoyin waya ake ɗaura wa 'yan wasa a ja su sama, daga baya a goge igiyoyin da kwamfuta. Ka riƙe kuɗinka.

Sai mai tambaya daga Jos ko kashi na biyu na Crouching Tiger, Hidden Dragon na gaske ne. Akwai shi, sunansa Sword of Destiny, Netflix ta fitar a 2016, Yuen Woo-ping ne ya ba da umarni, Michelle Yeoh ta dawo, Donnie Yen ya shigo, kuma da Turanci aka ɗauke shi. Faɗan yana da kyau, soyayyar ba ta kama ƙafar na farko ba. Idan kuwa wani ya ce yana da kashi na uku ko na huɗu, wani fim ne dabam aka sauya wa suna, ka sa ya buɗe maka farkonsa ka karanta sunayen 'yan wasa kafin ka ba da ko sisi.