Facin Bango Ya Ƙi Ɓacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An raba shagon ɗinkina da allon jifsam. Mai wayarin ya huda bangon ya sa soket, ya cike ramin da POP, ni kuma na shafa ragowar fentin da aka yi wa shagon shekara 3 da suka wuce. Da rana lafiya lau, amma da an kunna fitila sai facin ya fito kamar tabon ƙuna. Fentin ne ya lalace? Daga wata mai shago a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sassauta wa fentin nan, laifinsa kaɗan ne. Sabon POP ƙishirwa gare shi, yana shanye ruwan fenti, sai wurin ya dushe alhali gefensa na ƙyalli. Ga shi kuma facin sumul, tsohon bangon kuwa da 'yan ƙurajen da rola ta bari. Hasken da ya zo ta gefe shi ke tona wannan asiri.

Ni ma na sha wannan kunyar ina yaron aiki. Sau 4 na shafa fenti a kan wani faci, maigidana ya zo ya jingina tocila da bango ya ce, "Kai, taswira ka zana mana?"

Ki nemi mai fenti ya ƙara shafen POP siriri sau biyu ko uku, kowanne ya fi na baya faɗi, har ya wuce bakin ramin da kamar taƙi guda, gefen ya mutu a cikin bango. Kada saurin ƙamewar POP ya ruɗe ku. Yakan yi tauri cikin rabin awa, amma ruwa na nan a cikinsa. A bar shi ya kwana, da damina ma fiye. Sannan a goge da samfefa mai lamba 150, a share ƙurar da ɗanyen tsumma. A nan ne ake jingina tocilar, a kuma bi wurin da tafin hannu. In yatsa ya ji tudu, ido ma zai gani.

Sai fentin share fage, wato firama, wanda yawanci shi ake tsallakewa don tsimi. Bayansa fenti sau biyu da rola, ba burushi ba.

Amma shekara 3 ta riga ta canza launin bangonki, ga ƙura ga rana. In fentin mai ƙyalli ne, kada ki wahalar da kanki: a shafe bangon nan guda daga kusurwa zuwa kusurwa, sauran ukun a ƙyale su.