Amsar murya: sojan da ya dawo daga Diffa ba ya barci

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na ji muryarki. Kin ce tun da maigidanki ya dawo daga Diffa barci ya ƙaurace masa, yana zabura cikin dare jiƙe da gumi, yaro ya buga ƙofa sai tsawa, uwar miji kuma ta ce sammu ne. To saurare ni da kyau, aikin jinya na yi har na yi ritaya.

Wannan ciwo ne, ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali da likitoci ke kira PTSD, wallahi ba rashin imani ba ne, ba ragwantaka ba. Tun 1980 likitocin Amurka suka amince da shi a matsayin ciwo, bayan abin da suka gani a jikin sojojinsu na yaƙin Biyetnam. Mu ma ai mun gani. Hare-haren da aka kai wa sojojinmu na Nijar: Karamga a 2015, Bosso a 2016, Inates a 2019 inda sojoji 71 suka kwanta dama rana guda. Waɗanda suka kwashe gawar abokansu fa? Gida suka dawo, aka ce musu barka da arziki, shi ke nan.

Abin da ke faruwa, jikinsa yana Damagaram, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta sauka daga gadi ba. Shi ya sa in tayar kabu-kabu ta fashe, ko aka buga bindigar hawan sallah a ƙofar fada, sai ki ga ya ruƙe numfashi yana neman mafaka. Ki lura da shi, in ya zauna bayansa na jikin bango, idonsa na kan ƙofa. Makonnin farko kowa na iya yin haka. In ya wuce wata guda bai lafa ba, na likita ne.

Don Allah kar ki matsa masa da "me ka gani can?" Kar a tashe shi da taɓawa, ki tsaya nesa ki kira sunansa. Addu'a da ruƙiyya a ci gaba, ban hana ba, amma a haɗa da asibiti. Akwai likitan soja a barikinsu, babban asibitin Damagaram ma yana da sashen masu kula da ƙwaƙwalwa. Magani ne da zaman hira da likita, kuma ƙwayar takan ɗauki makonni kafin ta kama, kar ya yanke ƙauna ya ajiye.

Na san zai ce shi ba mahaukaci ba ne, yana tsoron abokan aiki su ji. Ki nemo wanda suka yi daji tare, wanda yake jin kunyarsa, shi ya raka shi.

Abin da ya fi damuna tiramol da giya, da yawa da su suke neman barci, ciwon kuma sai ya ninka. In kuwa kika ji yana cewa gara da shi aka kashe, ko ya ɗaga miki hannu, kar ki jira gari ya waye. A raba shi da makami, ki kai yara gidan iyaye, a kira likita a daren. Ki neme ni bayan isha'i mu yi magana mu biyu.