Dalilin da ya sa ƙara wa leza ƙarfi bai kawar da ramukan ba

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa kayan da ka buga da garin ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L a injin buga kaya na 3D, wanda ke baza garin shimfiɗa-shimfiɗa, hasken leza yana narka shi layi-layi, suka fito da ƙananan ramuka a ciki, ka ƙara wa leza ƙarfi domin ka magance su, amma ramukan suka sake bayyana. Amsar ita ce ramukan farko da na biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma za ka tabbatar da haka idan ka yanka kayan, ka goge fuskarsu, ka duba ta a madubin ƙara girma.

Ramin da ƙarancin zafi ke haifarwa ba shi da siffa mai kyau: bakinsa yana da kaifi, yakan kwanta tsakanin shimfiɗa biyu ko tsakanin layi da layi, kuma sau da yawa akan tarar da ƙwayoyin garin da ba su narke ba a cikinsa. Shi ne mafi haɗari, domin daga wannan kaifin tsagewa ke farawa idan kayan ya daɗe yana ɗaukar nauyi. Na biyun kuwa zagayayye ne, kuma yana can ƙasan inda ƙarfen ya narke. Idan zafi ya yi yawa, ƙarfen yakan tafasa har ya yi tururi, tururin ya haƙa siririn rami mai zurfi, sannan bakin ramin ya rufta kafin iskar ta fita, ƙarfen ya daskare da ita a ciki. Wato ka tsallake rami ɗaya ne ka faɗa wani.

Abubuwa huɗu ne ke tafiya tare: ƙarfin leza, saurin tafiyarta, tazarar da ke tsakanin layuka, da kaurin shimfiɗar gari. Akan raba ƙarfin da abin da aka samu bayan an ninka sauran ukun. Alal misali, wat 200 da saurin milimita 800 a daƙiƙa, da tazarar milimita 0.1, da kaurin milimita 0.04, suna ba da jul (ma'aunin makamashi) 62.5 a kowane curi mai tsawo, faɗi da kaurin milimita ɗaya-ɗaya. Lissafin yana da amfani wajen farawa, amma kada ka riƙe shi a matsayin hukunci, domin wat 400 da saurin milimita 1600 ma wannan adadin za su ba ka, alhali narkakken ƙarfen zai yi tsawo ya sirance, har yana iya tsinkewa ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo, kamar yadda walda ke yi idan mai ita ya cika saurin hannu. Waɗannan dunƙulen suna hana shimfiɗa ta gaba kwanciya daidai, wani lokaci ma su kama wuƙar da ke baza garin. Abin da nake dubawa ni shi ne ko narkewar ta ratsa shimfiɗar sama ta kama ta ƙasa sosai, kuma ko kowane layi ya ɗan hau kan maƙwabcinsa.

Kafin ka ɗora wa leza laifi, duba garinka. Ƙwayoyinsa yawanci tsakanin maikiron 15 da 45 suke (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kuma idan ya sha danshi ko an maimaita shi ba tare da tankaɗewa ba, babu saitin da zai cece ka. Haka nan iskar agon ko naitirojin da ke cikin injin: a riƙe iskar oksijin ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, kuma a tabbatar iskar tana kwashe hayaƙi da tartsatsi daga hanyar hasken. Lanƙwasar kaya kuma wata matsala ce daban, ta saurin zafi da saurin hucewa. Shi ya sa ake juya alƙiblar layuka da digiri 67 a kowace shimfiɗa, ake ɗumama farantin da ake gina kayan a kansa, kuma ake sa kayan a tanda kafin a yanke su daga kansa.

Gobe ka jera ƙananan curi na gwaji masu faɗin milimita 10 a faranti ɗaya, ka bar tazara da kauri yadda suke, ka riƙa sauya ƙarfi a jeri ɗaya, sauri a ɗayan, kana rubuta saitin kowanne. Ka auna nauyinsu a sarari da kuma cikin ruwa domin sanin cikarsu, waɗanda suka haura kashi 99.5 ka yanka su ka kawo mini mu duba tare.