Alminiyam da ke tsagewa wajen bugun jikin mota

Malam, ka ce kana ƙera jikin mota da hannu a Garwa ta ƙasar Kamaru, amma alminiyam ɗin yana tsagewa duk sanda ka zo lanƙwasa murfin taya. Bugu ne ya taurara shi, sai ka gasa shi ya yi laushi kafin ka ci gaba. Goga masa sabulun wanki, ka bi shi da wutar walda ta gas a hankali har sabulun ya yi baƙi, ka janye, ka bar shi ya huce.

Sharaɗi ɗaya dai: kada ka jira ya yi ja kamar baƙin ƙarfe. Alminiyam ba ya nuna alama, yana kai digiri 660 na Celsius sai ya narke, sai dai ka ga rami. Ni a kan tsohon turmi ko buhun yashi nake bugawa da gudumar katako, da na ji ƙararsa ta canza, guduma tana dawowa, sai in mayar da shi wuta. Mai kaurin milimita 1.5 ya fi. Siririn nan na rufin ɗaki kuwa ɓata lokaci ne, hanyar zuwa garin Marwa ma kaɗai ta isa ta lalata shi.