Amsa ga ƙanina mai neman gidan ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, ka yi haƙuri, sai yanzu na samu na zauna. Ka ce dedilif ɗinka, wato ɗaga sandar ƙarfe mai faya-fayan nauyi daga ƙasa har ka miƙe tsaye, ya kai kilo 140, mai jim ɗin (gidan motsa jiki) da kake zuwa kuma ya fara ɗaure maka fuska saboda ƙarar ƙarfe, har ya ce za ka fasa masa tayil. Kana tambaya ko ka canza wuri, in kuma za ka canza, me za ka duba. To, ka ba ni aron kunnenka, zan ɗan ja maganar.

Kada ka riƙe mutumin nan a zuciya, yana da gaskiyarsa. Shi ya buɗe wurinsa ne don masu gudu a kan inji da masu son rage tumbi. Tayil ba ya jure a riƙa dire masa kilo ɗari da wani abu. Wurin ne ya yi maka kaɗan, don haka ku rabu lafiya ka nemi wani.

In ka shiga sabon wuri, kada madubi da na'urar sanyaya ɗaki su ɗauke maka hankali. Ƙasa za ka fara kallo. Kana son daɓen siminti mai ƙwari wanda aka shimfiɗa wa roba mai kauri, ko dandamalin katako mai roba a gefe da gefe. Ka taka wurin da kyau. In ka ji ƙafarka tana nutsewa kamar katifa, bai yi ba, don ƙarfin da za ka tura ƙasa da shi robar ce za ta shanye. In jim ɗin a saman bene yake, ka tambaya tun kafin ka ciro kuɗi ko an yarda a dire ƙarfe, domin na ƙasa ne za su fara kawo ƙara.

Sai sanda. A nan zan daɗe, don nan ne ake yaudarar mutane. Sandar ƙwarai, irin ta gasa, kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kan da ake zura faifai kuma kaurinsa milimita 50. Ta mata kilo 15 ce. Akwai wadda aka ƙera musamman don dedilif, ta fi siriri, milimita 27, tana ɗan lanƙwasawa kafin nauyi ya bar ƙasa. In ka samu, madalla, in ba ka samu ba, ta yau da kullum ta ishe ka shekaru. Abin da nake so ka yi shi ne ka sauke sandar ƙasa babu komai a jikinta, ka mirgina ta da ƙafa. In tana tafiya tana ɗingishi, ta riga ta tanƙware, kuma irinta tana juyewa a hannu daidai lokacin da nauyi ya zo gwiwa. Sannan ka shafa wurin riƙon. Ya kamata ka ji kaushi yana kama tafin hannunka. Wadda ta yi sulɓi saboda tsufa, ko wadda aka shafe da fenti don ta yi kyau a ido, da zarar gumi ya keto, shi ke nan, sai ta zame. Akwai kuma masu araha waɗanda cikinsu fanko ne, an ɗaure kansu da noti. Kada ka ɗora wa irinsu nauyinka, wallahi ina jin tsoronsu.

Faifai kuma, babban faifai na ƙa'ida faɗinsa santimita 45, shi ya sa sanda take tsayawa wajen santimita 22 daga ƙasa, wato kusan tsakiyar ƙwaurinka. In faya-fayan wurin ƙanana ne, sandar za ta yi ƙasa da yawa, dole ka duƙa fiye da kima, baya kuma ya ƙudundune. Wannan yana da magani, a sa katako a ƙarƙashi a ɗaga su. Wanda ba shi da magani shi ne faifai mai kusurwoyi, don duk saukewa sai ya mirgina, ko ya gudu gaba ko ya doke ka a ƙwauri. Ka kuma ƙirga su da idonka. Kai da kake harin kilo 200, kana buƙatar 'yan ashirin-ashirin guda takwas da 'yan goma guda biyu a kan sanda ɗaya. In duk gidan 'yan ashirin shida ne, ga mutum goma suna jira, ka ga ai ba za ta yiwu ba.

Na san wani zai ce, to wuraren unguwa fa, inda ake zuba siminti a bokitin fenti, ko a haɗa tsofaffin ƙarafunan mota? Ni ba na raina su ko kaɗan. Ƙarti da yawa a can suka tashi, kuma zumuncin da ke can ba ka samunsa a wurin masu kuɗi. Matsalar ɗaya ce, ba wanda ya san ainihin nauyin. Sai a ce maka wannan hamsin ne, alhali ɗaya gefen ya fi ɗaya da kilo uku ko huɗu, kai kuma kwankwasonka ne yake biyan bambancin. In can ne ƙarfinka ya kai, ku ari sikeli ku auna kowanne, ku rubuta a jikinsa da fenti.

Ka tambayi mai wurin abu biyu ƙarara: an yarda da alli a hannu? An yarda mutum ya cire takalmi ko ya sa mai shafaffen ƙasa? Da zafin garin nan, in babu alli, hannu ne zai gaza tun baya da cinya ba su gaji ba. Takalmin gudu mai laushin dunduniya kuwa ba na wannan aikin ba ne. Ka je a daidai lokacin da za ka riƙa zuwa, ko bayan Asuba ko bayan Isha'i, ka biya kuɗin yini ɗaya kawai, ka ga cunkoson, ka ga irin mutanen. In ka ga wani dattijo ko koci yana gyara wa yara tsayuwa, yana cewa a rage nauyi, ka riƙe wurin. In kuwa ihu kawai ake yi ana zuga yaro ya ja abin da ya fi ƙarfinsa don a ɗauki bidiyo, ka kama gabanka.

Dalilin da ya sa na damu da wannan, ƙanina, bidiyon manyan masu ɗaga ƙarfe na duniya da kuke turowa nan gidan ne. Eddie Hall ɗan Ingila ya ɗaga kilo 500 a birnin Leeds a 2016, buhun siminti goma ke nan, kuma yana direwa ya durƙushe, jini na fita ta hancinsa. Hafthor Bjornsson ɗan ƙasar Iceland ya ɗaga 501 a 2020. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, sun yi shekaru suna shiri, da rigar musamman da igiyar hannu, da masu kula da lafiyarsu a gefe. Kai ba ka da dalilin gwada iyakarka kowane mako. Dedilif mai nauyi sau ɗaya a mako ya wadatar. Ka fara ɗumama jiki da sanda zalla, ka hau a hankali, ka yi jeri biyu ko uku na ɗagawa uku zuwa biyar, ka tsaya da sauran ƙarfi a jikinka. Ƙarin kilo biyu da rabi ya isa. Ranar da ka ga bayanka ya fara lanƙwasawa, aikin ranar ya ƙare.

Sanda ta tsaya a saitin tsakiyar ƙafarka, ta hau tana gogar ƙwauri da cinya. Ka ja numfashi ya cika ciki, ka ɗaure shi tam, ka ɗan ja sandar har ka ji ta yi ƙas a jikin faifai, sannan ka tura ƙasa da ƙafa. Kada ka fizga. In kana riƙon hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, hannun da tafinsa ke kallon gaba ya miƙe sarai, don lanƙwasa shi ne yake tsinka jijiyar damtse, wannan kuma sai tiyata. Bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙugu yana taimakawa ciki ya samu abin turawa, amma ba ya gyara mummunar tsayuwa.

Ga 'yan uwa masu hawan jini ko gwaiwa, don Allah ku ga likita tukuna, domin riƙe numfashin nan yana ɗaga jini sosai na ɗan lokaci. Wanda kuma ya ji ciwo yana sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa, ko ƙafar tana yin sanyi kamar ba tasa ba, ya ajiye ƙarfe ya tafi asibiti.

Ƙanina, in ka je wurin, ka ɗauko mana hoton daɓen da sandar da faya-fayan. Ka kuma sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta gefe da kilo 100 kawai, wayar a saitin ƙugu, ka turo mu duba tsayuwar. Allah Ya ƙara lafiya, sai na ji ka.