Amsa: Me ya sa Rumawan zamanin da suka riƙa buga gumaka a kan kuɗin azurfa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Rumawa bauta wa sulallansu suke yi, tunda kusan kowanne na ɗauke da siffar abin bauta. A'a, kuɗin cefane ne da albashin soja. Sai dai a wurinsu addini da mulki a tukunya ɗaya suke, har ma wurin buga kuɗin yana jikin haikalin allahiyarsu Juno Moneta ne a kan tudun Kapitol da ke birnin Rum.

Sulen azurfa da suke kira denariyus ya fito wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana tsakiyar yaƙi da Hannibal, sarkin yaƙin Kartaj da ke Arewacin Afirka. Fuska ɗaya ta sulen kan Roma ne, allahiyar birnin Rum, sanye da hular yaƙi, ɗaya kuma tagwayen alloli Kastor da Poluks bisa dawakai, waɗanda Rumawa suka yi imani sun taɓa kawo musu ɗauki a fagen fama. Ka ga saƙon ƙarfafa gwiwa ne ga mutanen da suka sha kashi.

Inda abin ya fi jan hankalina shi ne zamanin Yuliyas Kaisar. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya yarda a buga fuskarsa yana raye, a ɗaya fuskar sulen kuma allahiya Benus, wadda danginsa ke iƙirarin daga tsatsonta suka fito. A ganina nan ne siffar abin bauta ta koma hujjar sarauta ƙarara. Sarki Tibariyas ma ya rubuta a nasa sulen cewa shi ɗan Sarki Agustas ne wanda aka mayar abin bauta, kuma shi ne babban malamin addinin Rum.