Amsa ga Hajiya kan abincin jiragen ruwa na shaƙatawa

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya kai mu lokacin da rai da lafiya.

Kin ce ke da Alhaji kun daɗe kuna tari don ku yi hutun mako guda a jirgin ruwa na alfarma a tekun Bahar Rum, sai kika ga mutane suna ta ƙorafi cewa abincin jiragen ya ja baya, kamfanoni sun koma tsimi, shi ne kike tambaya ko gaskiya ne ko kuwa surutun masu ƙoshi ne. Na yi shekaru ina aikin kuku a kicin ɗin irin waɗannan jirage, kafin korona da bayanta, kuma tun da na ajiye aikin na sake shiga a matsayin fasinja da kuɗin aljihuna. Gaskiya ne, Hajiya. Ba za ku kwana da yunwa ba, ba kuma za a ba ku abin da zai ɓata muku ciki ba. Amma abinci mai kyau da a da yake cikin kuɗin tikiti, yanzu an kwashe mafi yawansa an kai gidajen abinci na musamman da ke cikin jirgin, inda sai kin sake biya za ki zauna. Babban zauren cin abinci kuma, wanda kowa ke da haƙƙi a kansa, an rage masa kaya, an rage masa hannu.

Bari in fara da romo, domin a nan na fi ganin canjin. Lokacin da na shiga aikin, akwai mutum guda da ba shi da wani aiki sai romo da miya. Ƙashin saniya ake jerawa a tire a gasa a tanda har ya yi ja, a juye a wata tukunyar ƙarfe da ta kai ƙirjin mutum, a zuba albasa da karas da ganyen ƙamshi, a bar shi ya kwana yana ɓararraka a hankali, mai tsaron dare yana zuwa yana kwashe kumfa. Da safe a tace, a sake ɗorawa har ya yi kauri ya riƙa kama cokali. Daga wannan romon ake haɗa kusan duk miyar da za a zuba a kan nama. Da muka koma aiki bayan zaman korona, a jirgin da aka tura ni, sai na tarar da tukunyar nan a wanke a kife. Robobin garin romo ne jere a sito, a ɗebo a dama da ruwan zafi, cikin 'yan mintuna an gama. Fasinja ba zai iya nuna abin da ya canja ba. Abin da zai ce kawai shi ne komai ɗanɗanonsa ɗaya, kuma gishiri ya yi yawa. Yana da gaskiya, domin miyar kaza da ta rago da ta saniya duk daga roba guda suka fito.

Haka nama. Sunan da ke takardar abinci bai canja ba, amma tsoka mai laushi ta gadon baya ta koma gidan abincin da ake biya, babban zaure ya samu kafaɗa da cinya, waɗanda sai an daɗe ana dafawa. Kowane yanka sai ya hau sikeli. Kek da kayan zaƙi da yawa, da muke kwaɓawa da hannu, sun koma zuwa a daskare cikin kwali, aikinmu mu narkar mu ɗora ɗan ganye a kai. Burodi dai har na bari a cikin jirgi ake gasa shi kullum, kuma shi ne abin da har yau ban ji an ci mutuncinsa ba.

Abin da ya fi duk wannan ciwo shi ne rage hannu. Mai hidimar tebur da a da yake da sararin tsayawa ya tambaye ki yadda kike son namanki, ya riƙe sunanki tun daren farko, yanzu an ƙara masa tebura, gudu kawai yake yi. Kwano zai fito daga wajenmu da zafinsa, ya zauna a kan kanta yana jiran mai ɗauka, kafin ya iso gabanki ya huce. Yawancin ƙorafin abinci mai sanyi daga nan yake, ba daga murhu ba. Ga shi kuma da yawa daga cikin tsofaffin hannu, 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya da suka yi shekara ashirin a teku, da aka sallame su a 2020 sun kama wata sana'a a gida, ba su dawo ba. Sababbi aka ɗauka suna koyo a kan fasinja.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Maris na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana jiragen ruwan tashi daga tashoshinta, bayan abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan, inda sama da mutum 700 suka kamu da korona. Ba a sake ɗaukar fasinja daga tashoshin Amurka ba sai Yunin 2021. Jirgi kuwa ko yana tsaye yana cin kuɗi: mai, gyara, inshora, albashin masu gadinsa. Kamfanin Carnival, wanda ya mallaki kamfanonin jiragen Princess da Holland America da Cunard da Costa da Seabourn, ya yi asarar sama da dala biliyan 10 a 2020 kaɗai, bashinsa ya kai wajen dala biliyan 35. Na kamfanin Royal Caribbean ya haura biliyan 20. Suna cikin wannan sai yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, alkama da man girki da man jirgi suka yi tashin gwauron zabi. Kuɗin mai ba ya raguwa, kuɗin ruwan banki ba ya raguwa, sai aka juyo kan kwano.

Wasu canje-canjen ma a fili kamfanonin suka sanar. A ƙarshen 2022 Carnival ya fara karɓar dala 5 a kan kwano na uku na babban abinci. A farkon 2023 Royal Caribbean ya sake takardar abincin babban zaure, ya cire jerin nan na abincin da ake samu kowane dare, ya kuma ce lobsta, wato babban jatan lande na teku, ɗaya ce kyauta, ta biyu dala 16.99 ban da kuɗin hidima. A shekarar dai kamfanin Norwegian ya mai da gyaran yawancin ɗakuna sau ɗaya a rana, ya ɗaga kuɗin hidima zuwa dala 20 a kan kowane mutum kullum. In kika duba rahoton shekara na manyan kamfanonin kika raba kuɗin kayan abinci da yawan kwanakin fasinja, za ki ga bai kai dala 20 a kan mutum a rana ba, safe da rana da dare da abin taɓawa. Sannan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu ba daga tikiti yake ba, daga abin da fasinja ya kashe ne bayan ya shiga. Duk wanda ya fahimci wannan lissafin ya san dalilin da ya sa ba za a bar babban zaure ya yi daɗin da zai hana ki leƙa gidan gasasshen nama na sama ba.

Inda raina yake ɓaci shi ne nan. Da a ce wahala ce kawai, da na yi musu uzuri, domin ni ma na ga shekarun da jirage ke tafiya rabi babu kowa. Amma kasuwa ta dawo, jirage sun cika maƙil, tikiti ya yi tsada, a 2024 Carnival ya samu kuɗin shiga dala biliyan 25, abin da bai taɓa samu ba a tarihinsa. Abin da aka cire kuwa bai dawo ba. Kamar mai ƙosai ce da wake ya yi tsada ta rage girman ƙosai, kaka ta yi, wake ya sauko, ƙosan yana nan yadda ta mai da shi, tunda ta ga masu saye ba su daina layi ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba duk ragin nake kuka da shi ba. Na sha tsayawa a wajen wanke-wanke ina kallon kwanuka suna dawowa, nama guda ba a ko sa masa wuƙa ba, mutum ya karɓi uku don kawai kyauta ne. Tsohuwar al'adar shimfiɗa abinci da tsakar dare, da sassaƙa ƙanƙara da kankana, yawancinsa shara yake tafiya. Wannan almubazzaranci ne, kuma duk wanda ya taso a gidan da ake tsince ƙwayar shinkafa daga ƙasa ba zai so a dawo da shi ba. A hana ɓarna daban, a rage inganci daban, kamfanoni ne suke cakuɗa su don su fake da na farko.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Jiragen nan hawa-hawa ne, ko da yake duk tallarsu iri ɗaya ce. Akwai manyan na jama'a, irin su Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024, mai iya ɗaukar fasinja 7,600. Kicin da ke ciyar da wannan adadi masana'anta ce, komai ƙwarewar babban kuku. Akwai na tsakiya, irin su Celebrity da Princess da Holland America, kuma a ganina masu shiga waɗannan su ne suka fi jin zafin canjin, saboda sun san yadda abin yake a da. Sannan akwai ƙananan jirage masu ɗaukar 'yan ɗaruruwa, irin su Regent da Silversea da Seabourn, inda kusan komai yana cikin tikiti, tikitin kuma ya ninka na sauran sau da yawa. A can har yanzu ana dafa wa mutum abinci bayan ya nema, ba a ɗebo masa daga tire ba. Su ma dai guguwar ta taɓa su. Kamfanin Crystal, wanda a da ake buga misali da abincinsa, ya durƙushe a farkon 2022, har aka tsare jiragensa biyu a Bahamas kan bashin mai, sai da wasu suka saye su suka dawo da su a 2023. A jiragen Cunard kuwa, irin su Queen Mary 2, ɗakin da kika kama shi ke yanke zauren da za ki ci abinci: mai ɗaki na gama-gari Britannia, mai babban ɗaki Princess Grill ko Queens Grill. Jirgi ɗaya, tukunya daban.

Saboda haka kada ku kwatanta tikiti da tikiti. Ku ɗauki takarda ku haɗa tikiti, da kuɗin hidima na kullum na mutum biyu, da lemo da ruwan gora da shayi na musamman, da intanet, da cin abincin dare biyu ko uku a gidajen da ake biya. Wani lokaci za ku ga mai arahar ya kusa kamo mai tsadar. Amma ku lura da wani abu: a jiragen da komai ke cikin tikiti, har da giya aka lissafa, ku kuwa ba sha za ku yi ba, kun biya wa wasu ke nan. Ga Musulmi sau da yawa jirgi na tsakiya ya fi riba, a ware kuɗin gidajen abinci na musamman tun daga gida. Yawanci sayensu kafin ranar tafiya ya fi sauƙi.

Maganar halal kada ku bar ta sai kun shiga. Ku rubuta wa kamfanin aƙalla wata biyu kafin tafiya, ku karɓi amsa a rubuce, domin naman a tashar farko ake loda shi, in ba a loda ba babu inda za a samo shi a tsakiyar teku. Daren farko ku nemi shugaban masu hidimar zaure ku yi masa bayani, zai riƙa kawo muku takardar abincin gobe tun yau ku zaɓa, a dafa muku daban. Ku tambaya a kan miya, saboda girkin Turawa yana yawan shan giya, kuma wasu kayan zaƙi ana daskarar da su da sinadarin da ake samu daga alade. A wurin ɗebi-da-kanka ku yi hattara da cokalin da ke yawo daga tire zuwa tire. Kifi da kayan lambu su ne mafaka. Kuma ku nemi abincin Indiya ko da ba ya cikin takarda. Da yawa daga cikin masu girkin 'yan can ne, in suka dafa nasu na gida hannunsu daban yake, ga yaji da zai tuna muku gida. In kuna son hankalinku ya kwanta gaba ɗaya, akwai jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu caca, abincinsa halal ne. Garin yajinku a rufe da kyau ba ya da matsala, amma kilishi ku bar shi a gida, Turai da Amurka sun hana matafiyi shiga da nama.

Ta wajen tsabta ban da ƙorafi. Jiragen da ke shiga tashoshin Amurka jami'an lafiya suna yi musu dirar bazata sau biyu a shekara, maki 100 ne, wanda bai kai 86 ba ya faɗi, kuma sakamakon yana intanet kowa zai iya dubawa da sunan jirgi. Mun sha kwana muna goge bayan firiji saboda su. Ku dai yawaita wanke hannu da sabulu, ciwon gudawa da ake jin labari a jirage yawanci daga hannun fasinja yake yaɗuwa.

Roƙona ɗaya, Hajiya. In kwano ya zo bai yi muku ba, ku mayar a canja, haƙƙinku ne, kuma babu wanda zai ji haushi. Amma kada fushin ya sauka a kan yaron da ya kawo. Wata shida zuwa tara yake yi a teku babu ranar hutu ko ɗaya, aiki awa goma ko fiye kullum, kuma makin da fasinja ya ba shi a takardar ra'ayi ta ƙarshen tafiya shi ke yanke irin teburan da za a ba shi gaba. Ba shi ya zaɓi naman ba, ba shi ya rage abokan aikinsa ba. A takardar nan ku yabe shi da sunansa, sannan ku rubuta ƙorafin abincin dalla-dalla, wane dare, wane kwano, me ya same shi. Ofishin kamfani yana karanta waɗannan, kuma na ga an dawo da abin da aka cire saboda ƙorafi ya yi yawa.

Ki turo sunan jirgin da watan da kuke son tafiya da tashar da zai tashi, in duba miki abin da ke cikin tikitin da abin da ba ya ciki kafin ku biya kuɗin kafin alƙalami. A gaida Alhaji.